Labarin budurwar da ta bar gida ta zaga ƙasashe: irin wannan rubutun yana da gurbi a adabinmu?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum marubuta da makaranta. Ina da magana a kan labarin Laure da Tawada take sako mana a zauren nan tun bayan ƙaramar Sallah. Na karanta duk abin da ya fito, kuma abu biyu sun tsaya min a rai.

Na farko tsarin. An buɗe labari da yarinya zaune a saman soro a Agadas, ba a gaya mana 'yar waye ba, ba a ce ga abin da ya kai ta ba. Babi na biyu babu labari a cikinsa sam, jerin abin da ta ci ne da kuɗinsa, tun daga ƙosai a Daura har shayi a Tanut. Babi na huɗu saƙonnin murya ne na mahaifiyarta da ta ƙi buɗewa. Sai a babi na bakwai muka ga ranar da ta fita daga gida. Na biyu, budurwa ce 'yar shekara 23, ba aure ba muharrami, ta hau mota a tashar Ƙofar Ruwa ta kama gabanta, kuma har yanzu ban ga alamar marubuciya za ta nuna kuskure ta yi ba. Shin irin wannan rubutu yana da gurbi a adabinmu? Kuma me 'ya'yanmu za su ɗauka a ciki? Ba faɗa na kawo ba, so nake in fahimta.

Abu_Mus'ab:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin riga ni a baki. Ni tsarin bai dame ni ba, ko da ƙarshe aka fara matsalar marubuciya ce. Abin da ya dame ni na biyun. Hadisi yana nan a Bukhari da Muslim, an hana mace tafiyar yini da dare ba tare da muharrami ba. To a ɗauko yarinya Bahaushiya Musulma a sa ta tana kwana a tasha, tana hawa bayan mota da mazan da ba ta sani ba, a rubuta shi da daɗin harshe har mai karatu ya ji yana sha'awa. Ina amfanin wannan?

Zee_Marubuciya:
Ni gaskiya babi uku na karanta na ajiye. Kaina ya ɗaure.

Ɗalibar_Adabi:
Anti Maman Ilham, tambayarki ta farko tana da amsa a tarihi. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da tafiya aka fara shi. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, dubi abin da ta haifar. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce daga gari zuwa gari. Ganɗoki na Bello Kagara tafiya ce, har cikin aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tafiya ce ta ƙetare Sahara. Kuma Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja ba waliyyi ba ne, wayo da dabara da zamba yake ta yi shi da Malam Zurƙe, amma shekara da shekaru ana koyar da littafin a makarantu, ban taɓa jin an ce zai lalata tarbiyyar samari ba. Abin da Tawada ta canza ɗaya ne, ta sa mace a kujerar.

Kuma ko a Shaihu Umar akwai macen da ta yi tafiya ita kaɗai. Mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har Murzuƙ, aka mayar da ita baiwa, ta sha wahalar da ta zama ajalinta. Ku lura, an yarda ta yi tafiya ne saboda uwa ce mai neman ɗa, kuma ta biya da ranta.

Abu_Mus'ab:
To ai kin ba ni hujja da kanki. Ta fita, ta sha wahala. Darasi ke nan.

Ɗalibar_Adabi:
Malam, wahalar da ta sha laifin masu cinikin bayi ne, littafin a kansu ya ɗora. Bai ce da ta zauna a gida ba.

Hajiya_Kaka:
Ku bar ni in sa baki, ni ba 'yar jami'a ba ce amma na girme ku duka a zauren nan. Kafin a buga wancan littafi, Ruwan Bagaja tatsuniya ce da kakanninmu suke mana a tsakar gida, kuma yarinya ce a cikinta. 'Yar bora ce aka ɗora wa laifin fitsarin kwance, aka ce sai ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja. Ta fita ita kaɗai, tana tafe tana tarar da koguna, kowanne ta tsaya ta tambaye shi da waƙa ko shi ne ruwan Bagaja, ya ce ba shi ba ne, ta wuce. Har ta isa bukkar da ta tarar da cinya da kare suna zaune, ta gaishe su da ladabi ba ta yi musu dariya ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ta dafa, tukunya ta cika. Da za ta dawo aka ba ta ƙwai, ta fasa inda aka ce ta fasa, ta shigo gari da dawaki da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta dawo da kutare da makafi.

Cinya tana magana, kogi yana amsa waƙa, ba mu taɓa cewa kanmu ya ɗaure ba. Kuma ba wadda ta gudu daga gida a cikinmu don ta ji tatsuniyar. Ni abin da nake dubawa a jikin Laure shi ne yadda take gaida mutane a hanya. A babi na biyar da ta durƙusa ta gaida tsohuwar nan mai tuyar masa, ta karɓi tsintsiya ta share mata rumfa ba a sa ta ba, na ce wannan 'yar gidan mutunci ce.

Maman_Ilham:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Amma 'yar bora aiken ta aka yi, ba ita ta sa kanta ba. Laure kuwa ba wanda ya kore ta. Nan ne bambancin yake a wurina.

MalamNaZaure:
Bismillah. Magana biyu zan yi, ɗaya ga Abu Mus'ab, ɗaya ga masu cewa tsarin baƙon abu ne.

Ɗan'uwa Abu Mus'ab, hadisin da ka kawo ingantacce ne, ba mai ja. Abin da Imamu Malik ya sauƙaƙa a Muwaɗɗa shi ne macen da ba ta taɓa sauke farali ba kuma ba ta da muharrami, ya ce ta fita cikin ayarin mata. Wannan hajji ne na farilla, bai shafi tafiyar Laure ba, don haka ba zan ce abin da ta yi daidai ne ba. Amma ba da labarin abu daban yake da halatta shi. In marubuciya ta rubuta ɓarawo ba ta ce a yi sata ba. Inda za mu tsaya mata shi ne in ta kawo batsa ko ta yi wa addini izgili, kuma ban ga ko ɗaya ba zuwa yanzu. Laure tana sallah a tasha, tana taimama inda babu ruwa.

Game da tsari kuwa, duk wanda ya yi karatun zaure ya kai Muƙamatul Hariri ya san wannan. Muƙama hamsin ne, kusan kowacce a gari daban, Abu Zaidi ya ɓullo yau a matsayin mai wa'azi, gobe almajiri, jibi tsoho mai ƙara a gaban alƙali. Ba a gaya maka yadda ya tashi daga wannan gari ya isa wancan ba. Hariri ya rasu tun 1122, kuma malamanmu na Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna karantar da shi. Saboda haka labarin da bai bi layi ɗaya ba ba daga Turai ya fara zuwa mana ba. Sai dai a tuna, a muƙama ta ƙarshe Abu Zaidi tuba ya yi.

Abu_Mus'ab:
Jazakallahu khairan Malam. Wannan jimlar ta ƙarshe ita nake jira daga Tawada.

Bintu_Damagaram:
Ni daga Zandar nake, kuma damuwata daban ce da taku. Ku kuna gardama ko ya halatta a rubuta mace tana tafiya, mu nan mata suna tafiyar, ba a littafi ba. Hanyar da Laure ta bi daga Daura ta shigo Matamaye, ƙasar Kance ke nan. Matan yankin da yawa sun bi hanyar Agadas da Arlit zuwa Aljeriya neman abin da za su ci, da goyo a baya da yara a hannu. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace da su a arewacin Arlit, aka tsinci gawa 92, yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Har yau in aka ambaci wannan shekara a ƙauyukan can sai ka ga fuskoki sun canza.

To da na ga Laure ta ratsa Matamaye tana kallon dabino da raƙuma, ba ta haɗu da ko ɗaya daga cikin matan nan a mota ba, raina ya sosu. Yarinyar Kano ta zo neman kanta a hanyar da wasu suke bi neman tuwo. Ban ce kar a rubuta ba. Na ce a sa su a cikin motar, su zauna kusa da ita, ta ji warin zufarsu, ta ga abin da suke ƙullewa a bakin zane. In ba haka ba tafiyar tata ta yi tsafta da yawa.

Wani ƙaramin gyara kuma 'yar'uwa Tawada: daga Zandar zuwa Agadas akwai shingayen jandarma, za a sauke fasinja a duba katin shaida. Budurwa baƙuwa ita kaɗai ba za ta wuce ba a yi mata tambayoyi ba.

Tsohon_Direba:
Bintu ta faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina jan mota a hanyar arewa kafin baya ya hana ni. Bari in ƙara wa marubuciya abin da ido ya gani. Jarkar ruwa ba a ɗaukarta tsirara, ana ɗinke ta da buhu a jiƙa don ruwan ya yi sanyi, kowa kuma ya rubuta alamarsa a jiki. Masu hawa bayan Hilux zuwa Dirku ana kafa musu sanda tsakanin ƙafafu su riƙe, don in barci ya kwashe mutum ya faɗo direba ba lallai ya sani ba. A zamaninmu ranar Litinin ayari yake tashi daga Agadas da rakiyar soja. Da aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015 direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, mutuwa ta ƙaru. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta soke dokar.

Abin da na fi so ki gyara shi ne wannan kaɗaicin. A sanina mace ba ta daɗewa ita kaɗai a mota. Kafin a kai zangon farko wata dattijuwa ta jawo ta jikinta, ta ce ke 'yar gidan wa, ina za ki, zo nan ki zauna. In an isa shinge ta ce 'yata ce. Wani lokaci alheri ne tsantsa, wani lokaci kuma ita ce za ta kai ta gidan da ba za ta fito ba. Direba yana gani ta madubi, kuma sau da yawa ba ya iya bambancewa. In kina neman abin da zai hana mai karatu barci, ga shi nan.

Alƙalamin_Zazzau:
Baba Direba wannan bayani ya fi wani babin ma.

Ni ina tare da tsarin ɗari bisa ɗari. Babin jerin abincin da Anti ta ce babu labari a ciki, ku koma ku duba kuɗin. A farko tana sayen tsire da lemon kwalba. Tana isa Tanut ta koma shayi da burodi. Kwana uku a jere babu komai a rubuce sai ruwa. Sannan sai ga tuwo da miyar kuka, a gefe an rubuta kyauta. Ba a ce mana kuɗinta sun ƙare ba, ba a ce ta yi kuka ba, ba a ce wani ya tausaya mata ba, amma duk mun gani. Da marubucin da muka saba ne sai ya cika shafi biyar da hawaye na bin kuncinta.

Zee_Marubuciya:
Yaya Alƙalami, kai malamin makaranta ne, albashi kake jira. Mu da muke sayar da littafi a WhatsApp mun san masu karatunmu. Mace ta gama girki da wanke-wanke, ta kwantar da yara, ta biya naira 500 ta shiga zauren littafi, so take ta san wa Laure za ta aura. Ba ta zo yin lissafin kuɗin shayi ba. Ka ba ta babi babu magana babu soyayya, gobe ta ce a mayar mata da kuɗinta. Ba raina su nake ba, su suke riƙe da rubutun Hausa yau, ba jami'a ba.

Ɗalibar_Adabi:
Anti Zee, haka aka ce lokacin da Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, da lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne. An ce mata ba za su karɓa ba, an ce ɓata tarbiyya ne. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano. Yau su ake nazari. Masu karatu ba dutse ba ne, abin da aka saba musu da shi suke nema.

Zee_Marubuciya:
Waɗancan labari suke bayarwa daga farko zuwa ƙarshe ƙanwata. Jigonsu ne ya tayar da ƙura. Kar ki haɗa su da wannan.

Alƙalamin_Zazzau:
A nan Zee ta fi ki gaskiya Ɗaliba. Jigo daban, zubi daban.

DanKumasi:
Salamu alaikum daga Zango. Ni babi na tara ne ya kawo ni. Ban san yadda Laure ta tashi daga Agadas ta faɗo Kumasi ba, kuma ban damu ba. Abin da na sani shi ne karo na farko ke nan da na karanta Hausarmu ta Zango a cikin labari ba don a yi mana dariya ba. Matar da ta sauke ta tana magana yadda iyayenmu suke yi, ba a gyara mata baki ya koma Kananci ba. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi ya yi ja, an zuba a ganye. Duk daidai.

Kakar mahaifina da ƙafa ta zo ƙasar nan cikin ayarin fatake masu neman goro, ta hanyar Salaga. Ba ta koma ba. Duk Zangon da ka gani a Ghana akwai mata irinta a tushensa, su suka dafa abincin, su suka haifi mutanen. In an ce macen Hausa ba ta tafiya, to mu daga ina muka fito?

Maman_Ilham:
Da mijinta ta zo ko ita kaɗai?

DanKumasi:
Da yayanta aka ce.

Maman_Ilham:
To ka gani.

Wad_Maiwurno:
Mu ma haka a Sudan. Garinmu Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Bayansu alhazan ƙasa suka yi ta zuwa, ta Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid. Tafiyar shekaru ce. A tsaya a yi noma, a yi aikin auduga a Jazira, a tara guzuri a ƙara gaba. Mace ta fito da miji ya rasu a hanya, ta ci gaba da tafiya da 'ya'ya, ko ta tsaya ta kafa sana'ar abinci. Hajiya Maman Ilham, da yawa sun fito da muharrami, hanya ce ta raba su da shi, kuma ba su juya ba.

Na ga a babi na goma Laure tana Njamena tana tambayar motar Abeshe. 'Yar'uwa Tawada, in za ki kai ta gabas ki sani tun Afrilun 2023 yaƙi ake, mutanen Janaina sun tsallako Adre da abin da ke jikinsu kawai. Kar ki wuce da ita ta nan kamar ba abin da ya faru.

Tawada:
Na gode muku duka, na karanta kowane saƙo. Hajiya Kaka, Malam, Baba Direba, Allah ya saka da alheri.

Anti Maman Ilham, bari in faɗi inda tsarin ya samo asali. Ina da gwaggo da ta yi shekaru a Jidda kafin a dawo da ita. Tun ina yarinya nake jin labarinta, kuma ba ta taɓa ba da shi a jere ba. Tana tankaɗe sai ta ce wata rana a gidan da na yi aiki, ta faɗi abu kaɗan ta yi shiru. Bayan wata biyu tana ƙulla ƙuli-ƙuli sai ta kawo abin da ya faru kafin wancan. Wani abin ta ba da shi iri biyu, kuma duka biyun da gaske take. Ranar da ta bar gida kuwa, sai da na girma na yi aure sannan ta gaya min. Abin da ya fi ciwo shi yake zuwa a ƙarshe. Shi ya sa fitar Laure ta zo a babi na bakwai, shi ya sa daren Agadas ya zo sau uku kowanne da yadda ya ƙare. Da na jera shi tiryan-tiryan da na yi wa irin su gwaggona ƙarya.

Bintu, maganarki ta shige ni. Matan Kance za su hau motar, kuma ba don su zama ado a labarin wata ba. Wad Maiwurno, na ji.

Malam Abu Mus'ab, ba zan yi maka alkawarin ƙarshe ba. Ba zan kashe ta ko in sa mata cuta don a ce na ba da darasi ba. Haka kuma ba zan dawo da ita da mota da miji mai kuɗi don a tafa ba. Na san 'yan matan da suka fita suka lalace, na san waɗanda suka fita suka dawo sun fi da hankali, na san waɗanda ba su taɓa taka ƙofar gida ba kuma suka lalace a ɗaki da waya a hannu.

Abu_Mus'ab:
'Yar'uwa na gode da amsa cikin ladabi. Amma alƙalami amana ne. Yarinya 'yar shekara 16 da ke karantawa a wayar yayarta ba ta san gwaggonki ba, saman soron Agadas da taurari kawai za ta gani. Ke za a tambaya.

Ummi_Fagge:
Ni shekarata 22, bari in yi magana tunda mu ake ta ambata. Ban ji sha'awar guduwa ba da na karanta. Babin saƙonnin murya ne ya sa na ajiye waya na je ɗakin Umma na zauna. Saƙon farko faɗa ne, na biyu barazana, na biyar tana cewa an yi miyar taushe an ajiye mata, na ƙarshe daƙiƙa arba'in babu magana sai ƙarar fanka. Wanda ya karanta wannan ya ce ana tallan barin gida, ban san me ya karanta ba.

Kuma Anti Maman Ilham, kin ce ba wanda ya kore ta. A babi na bakwai kowa a gidan yana magana a kanta, wa za ta aura, wane aiki za a nema mata, ko ta yi ƙiba ko ta rame, tana zaune a wurin ba wanda ya juyo ya tambaye ta. Babin duka da "ke" aka rubuta shi, kin tashi, kin ɗauki jaka, kin rufe ƙofa. Sai da ta kai Kumasi ta fara cewa "na". Ni dai na gane wannan gidan.

Maman_Ilham:
Ummi 'yata, kin sa na koma na duba, haka ne, ban lura da wannan canjin ba. Amma ina da 'ya'ya mata uku, kuma abin da kika faɗa ya ƙara min tsoro. In rashin tambaya ya isa ya fitar da yarinya daga gida, gidaje nawa ne za su tsira?

Hajiya_Kaka:
Sai a riƙa tambayarsu, Maman Ilham.

Sarkin_Gyara:
Ni kuma a bar ni da ƙa'idar rubutu. Tawada, a babi na shida kin haɗe "ta na" da "tana" yadda kika ga dama, kuma ƙugiyoyin ɗ da ƙ sun ɓace a rabin babin. In gwaji ne ki gaya mana, in waya ce ki gyara. Mai karya tsari shi ya fi kowa bukatar tsabtar rubutu, don mai karatu ya tabbata da gangan aka yi.

Zee_Marubuciya:
Wannan kam gaskiya ne. Kuma shawara kyauta: ki yanko babin saƙonnin muryar ki gyara shi ya tsaya da ƙafarsa, ki aika gasar Hikayata ta BBC Hausa. Tun 2016 ake yinta kuma ta mata ce zalla. Can ne za a yaba irin wannan. A kasuwarmu sai dai ki bayar kyauta.

Alƙalamin_Zazzau:
In aka cire shi daga cikin sauran rabin ƙarfinsa ya tafi. Yana ciwo ne saboda mun riga mun ga jerin abincin, mun san ranar da ake ajiye mata miyar taushe ruwa kawai ta sha.

Admin_Zaure:
'Yan'uwa an fara nisa da tambayar farko. Maganar gasa da kasuwa a kai ta ranar Asabar. Tambayar Maman Ilham ita ce gurbin wannan rubutu da abin da yara za su ɗauka.

MalamNaZaure:
To in koma kanta. Nana Asma'u ta rasu a 1864, kuma tsarin 'Yan Taru da ta kafa mata ne suke tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jaji, wato jagorarsu, su yi tafiya zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Tafiyar mace don neman abin da zai gyara ta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Sai dai su sun san abin da suka fita nema, kuma a ayari suke. Laure ba ta sani ba, kuma ita kaɗai ce. Ni a nan nake jiran marubuciya: in ta kai ƙarshe, me ta samo wanda ba za ta samu a Kano ba? In amsar ita ce kanta kawai, zan ce tafiyar ta yi tsada.

Ɗalibar_Adabi:
Malam, Alhaji Imam ruwa ya ɗebo a kwalba aka ce ya isa. Me ya sa ita sai ta kawo abin da ya fi haka?

MalamNaZaure:
Ruwan magani ne ya warkar da ɗan sarki, wani ya amfana. Ita wa zai amfana?

Bintu_Damagaram:
Wataƙila matar da za ta zauna kusa da ita daga Matamaye, in Tawada ta cika alkawari. Baba Direba, tambaya gare ka: dattijuwar da ka ce tana cewa 'yata ce a shinge, jandarma suna yarda haka nan ko sai ta ba da wani abu?

Tsohon_Direba:
Ya danganta da shingen da kuma wanda ke bakin aiki. Wani ya kalli fuskokinsu ya ce ku wuce. Wani ya raba su, ya tambayi kowacce sunan ƙauyensu daban. Shi ya sa tun a mota dattijuwar take koya wa yarinyar abin da za ta ce, sunan gari, sunan mai gari, sunan uban da ba nata ba. Tawada in kina so ki same ni ta akwatin sirri, akwai sauran bayani a kan masaukin mata a Agadas da ba zan rubuta a zaure ba.